Shatin Hannu a Kan Farin Shawul

Ranar Lahadin da ta wuce na je ganin sabon gidan Bilkisu da mijinta Nura, can bayan titin Wendover inda hayaniyar motoci ta ɗan lafa. Bilkisu 'yar Alhaji Lawal ce, mutumin da ya sauke ni a gidansa lokacin da na zo ƙasar nan da jaka ɗaya, don haka 'ya ce a wurina. Cikinta ya tsufa, haihuwa ko yau ko gobe, ga shi muna tsakiyar sanyi. Na yi sallama, na tuɓe takalmi, ban ko zauna ba idona ya faɗa kan murhun ɗumama falo. An jera itace a ciki tsaf, an cusa takarda a ƙarƙashi, ga kwalin ashana a ajiye. A gefe kuma wani sabon buroshi ne a jingine, ko takardar kanti ba a cire masa ba.

Na ce, "Nura, wa ya duba muku bututun hayaƙin nan?"

Ya ce, "Baba, ni na yi da kaina jiya. Na kalli bidiyo, minti goma ne duka-duka. Ka zura buroshi, ka jujjuya, ka zaro, shi ke nan."

Na ce, "Minti goma! Ashe shekara ashirin da 'yan kai ina hawa rufin mutane a banza. Da wani ya nuna min bidiyon nan tun farko ai da gwiwoyina sun huta."

Bilkisu tana zaune a kan kafet tana ninke kayan jarirai, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Baba, ƙyale shi. Ni dai ina son wuta a falo idan na haihu, Mama ta ce mai jego ba ta shiri da sanyi. Zo ma ka ga abin dariya. Kaka ta aiko min saƙo daga Kano, duk kayan jariran da ke garin ta rasa abin aiko min sai wani tsohon shawul mai baƙin tabo. Sau uku ina sa shi a injin wanki, tabon ko gezau. Ga shi can cikin kayan da za a zubar. Bari in zubo maka abinci."

Na ce, "Abinci ya jira, shawul ma ya jira, za mu zo kansa. Nura, miƙo min ashanar nan." Na jefa ta a aljihu. Na ce musu ba mai hura wuta a gidan nan sai sun ji abin da zan faɗa, sannan an leƙa bututun da kyau, domin jariri za a kawo falon nan ya kwanta. Suka kalli juna irin kallon nan na tsoho ya fara, suka gyara zama. Ga abin da na gaya musu.

Aikina na farko a gidan wata tsohuwar Baturiya ne a unguwar Sedgefield, mai farin kafet da farar kyanwa. Wanda ya koya min sana'ar, Mista Walta, dattijo ne baƙar fata ɗan ƙasar nan, gajere, maganarsa ba ta da yawa. A sito nake lodi lokacin, aka ce yana neman wanda ba ya jin tsoron tsayi. Ni da na taso ina buga rufin kwano da kawuna a Funtuwa, sai na ce wannan ai wasan yara ne. Kai Nura, daidai irin bakinka gare ni a lokacin. Mista Walta ya ce in rufe bakin murhu da leda mai kauri, in bi gefe-gefe da tef kafin mu hau sama. Na liƙa gefe uku, na huɗun na ce haba, ɗan wannan wurin me zai yi. Muka hau, ya zura buroshi daga sama, ya yi sama da ƙasa sau uku, sai muka ji tsohuwa tana salati irin nasu. Muka sauko muka tarar kunkunniya ta feso ta wannan ɗan wurin, ta bi kafet, ta bi labule. Kyanwar nan kuwa ta koma ruwan toka, tana zaune a kan kujera tana kallona kamar ta san ni ne na yi. Mista Walta bai yi min faɗa ba. Soso ya miƙo min da bokiti, ya koma mota ya ci abincinsa. Sai bayan la'asar na bar gidan.

A wannan ranar na koyi cewa baƙin da ke cikin bututu iri-iri ne. Akwai mai laushi kamar gari, buroshi na taɓa shi ya zubo. Akwai wanda ya yi ɓawo, sai an kankare. Akwai kuma na uku, mai sheƙi kamar kwalta, ya manne da bango ya daskare. Shi ne kiriyosot ɗin da muke tsoro. Buroshi yana bi ta kansa ya wuce kamar an shafa wa gilashi hannu, sai ka ɗauka ka gama aiki alhali ba ka yi komai ba. Shi ne ke kamawa da wuta a cikin bututu, kuma idan ya taɓa farin kaya da maiƙonsa, to, ku yi sallama da farin. Ke Bilkisu, riƙe wannan a ranki.

Kayan aikinmu ba su da kwarjini. Tsani, igiya da ɗamarar da ake ɗaurewa a kan rufi, sanduna masu lanƙwasa da ake haɗa su ɗaya bayan ɗaya, buroshi kala-kala, injin zuƙe ƙura, sai tocila da ƙaramin madubi. Yanzu har kamara nake da ita da ake zurawa ciki, amma madubin nan na Mista Walta har yau shi nake fara ɗagawa. Ka durƙusa, ka karkata shi a cikin murhu, in ka ga sama tarwai, da sauƙi. In ka ga duhu, to, akwai magana. Buroshi kuwa kowane bututu da nasa. Na waya na bututun bulo ne, in ka sa shi a na ƙarfe ka kakkarce shi. Mai kewaye ba ya shiga lungun mai kusurwa huɗu. Na ɗaga buroshin Nura na ce, "Wannan mai kewaye ne, bututunka mai kusurwa huɗu ne, sandarka kuma guda ɗaya ce, tsawon hannu biyu. Gidanka hawa biyu ne. Sauran tsawon wa ka bar wa, mala'iku?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "A bidiyon ba su faɗi wannan ba."

Na ce, "Ka ce ka jujjuya. Ta wane ɓangare?"

"Dama da hagu mana."

Allah ya so shi sandar ɗaya ce. A watana na biyu a aiki, a wani gida a gefen titin Gate City Boulevard, lokacin ana ce masa High Point Road, na haɗa sanda bakwai na zura, na murɗa hagu don in nuna ƙwazo. Sandunan nan da zare ake ɗaura su, dama kawai ake juyawa. Sai na ji hannuna ya yi sakayau. Na zaro sanda uku, huɗu da buroshi sun zauna a tsakiyar bututu. Mista Walta ya lanƙwasa wani ƙarfe ya yi ƙugiya, ya ɗaura a igiya, ya ce in kamo kifina. Rabin yini na yi a kan rufin nan ina kamun kifi, yaran unguwa suna ɗaga min hannu.

Masu gida kuwa, na ga iri-iri. Akwai mai sare bishiya yau ya hura ta gobe, alhali itace sai ya shekara a tsage a ƙarƙashin rumfa kafin ya bushe. Ɗanyen itace ba zafi sai hayaƙi, hayaƙin kuma shi ke zama kwaltar nan. Wani mutum ya kira ni da safe, ya ce jiya ya ji kamar jirgin ƙasa yana wucewa ta cikin bangon falonsa. Bututunsa ne ya kama da wuta ya mutu da kansa, amma ya bar bulon ciki a tsattsage. Da ya sake hurawa, da harshen wuta ya bi ta tsagar ya sami katakon rufi. Akwai mai kwashe toka ya zuba a kwali ya ajiye a gareji, bai san garwashi yana kwana uku a cikin toka da ransa ba. Toka bokitin ƙarfe take so, mai murfi, a waje, nesa da bango.

Mutanenmu kuma nasu daban ne, Allah ya bar mu tare. Malam Isiyaku, ɗan zangon Kumasi, ya sayi gida ya ga murhu a falo, ya ce ashe Turawa ma sun san daɗin gashi. Duk ƙarshen mako sai ya jera tsire a ciki. Da na leƙa bututunsa, kitse ya bi bango ya haɗu da baƙi, kana shaƙa ka ji yunwa ta kama ka. Na ce, "Malam, wannan ba shara yake so ba, yaji yake jira." Wata Anti kuma ta kira ni da rani tana raɗa, wai ana kuka a cikin bangonta, ta yi addu'a ta yi hayaƙi abin sai ƙaruwa yake. 'Yan tsuntsaye ne, uwarsu ta yi sheƙa a bututu don ba shi da hular waya a sama. Na ce mata doka ta hana a taɓa su sai sun yi fiffike sun tashi. Ta ce, "Yau ga ƙasa, tsuntsu ma da lauyansa."

Abu ɗaya ne Mista Walta ba ya wasa da shi. Kullum akwai jan tef a aljihunsa. In bututu ba shi da lafiya, sai ya gicciya tef ɗin a bakin murhu, ya rubuta a takarda cewa kada a hura, ya kalli mai gida cikin ido ya faɗa masa. Ya ce min, "Haruna, na lura mutanenku kuna jin nauyin manya, abu ne mai kyau. Amma ranar da ka ga bututu a toshe, ko gidan babanka ne ka liƙa." Na ce to. A raina na ce wannan ai ba sai an faɗa min ba.

Shekarar da ta fi kowace muni a wurina ita ce shekarar da gwiwar Mista Walta ta ƙi, ya miƙa min makullin mota ya koma gida ya zauna. A kakar wannan shekarar Alhaji Lawal ya sayi wani tsohon gidan bulo a gefen Sedgefield, Maman Bilkisu, wato Maryam, tana da tsohon ciki. Na je yi musu murna, kamar yadda na zo muku yau. Na durƙusa na ɗaga madubi, ban ga sama ba sai ɗan haske kamar ƙofar allura. Tsohuwar sheƙa ce ta shekaru ta kusa toshe shi. Na ce, "Alhaji, bututun nan yana son aiki. Bari in ɗauko kaya a mota."

Ya ce, "Haba Haruna, ka zo gaisuwa ka ɓige da aiki? Mu da muke da hitar ɗumama gida me za mu yi da wannan? Ado ne kawai. Taso mu ci tuwo, ya huce."

Tef ɗin yana aljihuna, har na taɓa shi. To amma ku gaya min, mutumin da ya ciyar da ni wata takwas bai taɓa ɗaure min fuska ba, yaya zan gicciya masa jan tef a sabon falonsa, baƙi na shigowa suna gani? Kunya ta kama ni. Na ce, "To, Alhaji, wani lokaci na dawo." Na wanke hannu na ci tuwo da miyar kuka har da ƙari. Ban yi musu bayanin damfa ba, wato marfin ƙarfen da ke maƙogwaron bututu, wanda dole ya kasance a buɗe muddin akwai wuta ko garwashi. Ban ce musu kada a taɓa shigo da gawayi cikin gida ba. Aiki ya yi min yawa, wani lokacin bai zo ba.

Sai ƙanƙara ta zo. Ba irin farar nan mai laushi da kuke ɗaukar hoto a ciki ba. Ruwan sama ne yake sauka ya daskare a kan duk abin da ya taɓa. Rassan bishiyoyi suka yi ta karyewa kamar ana harbi, suka faɗo kan wayoyin lantarki, gari ya mutu. Hita ba ta aiki sai da wutar lantarki. Ke Bilkisu kina da kwana huɗu a duniya, kakarki Hajiya Dije ta zo daga Kano don jego, zuwanta na farko ƙasar nan. Ni kuma kira ya yi min yawa, kowa ya tuna yana da murhu. A rana ta biyu da hantsi, ina durƙushe a gidan wani da madubi a hannu, sai bututun Alhaji ya faɗo min a rai. Na bar kayana a falon mutumin, na ja mota ina zamewa a kan titi.

Da na iso na ɗaga kai, ba hayaƙi a saman bututu. Na ce alhamdu lillahi, ba su hura ba. Motar Alhaji ba ta nan, ashe tun safe ya fita neman janareto. Na buga ƙofa, na buga, na buga. Can sai ga Hajiya ta buɗe tana dafe da bango. Abin da ya fara dukan fuskata ɗumi ne, ɗumi mai daɗi, a gidan da ba wutar lantarki. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

Na ce, "Hajiya, ina kwana. Me kuka hura?"

Ta ce, "Lafiya lau, Haruna, sai ciwon kai, sanyin ƙasarku ne. Jiya mun sa itace, hayaƙi ya cika ɗaki. Sai na ga buhun gawayi a gareji, ragowar na gashin layya. Gawayi ai ba ya hayaƙi. Shigo ka rufe ƙofa, kada iska ta bugi mai jego."

Na leƙa falo. An jawo katifa gaban murhu, Maryam tana kwance, ke kina gefenta a naɗe cikin farin shawul. Garwashi ya yi jajur, har an barbaɗa turaren wuta, ƙamshi ko'ina. An bi ƙasan ƙofofi da tagogi an cusa zannuwa. Hajiya ta nuna min hannun damfa tana alfahari, ta ce ta gano ta ramin nan sanyi ke saukowa, ta ja ƙarfen ya rufe. A kan tebur kuma ga na'urar da ke ƙara idan iska ta gurɓace, an cire mata batir. Ta ce, "Abin nan ya yi ta ihu yana firgita yarinya, na sa Alhaji ya kashe shi. Ka ga tun da aka kashe ta yi shiru. Yarinyar kirki, tun safe ko kuka ba ta yi ba, ko nono ba ta nema ba."

Kada ku ga laifinta da yawa. Hajiya ta yi wa mata jego sun fi a ƙirga, da kaskon gawayi a ɗaki, ba abin da ya faru da ta sani. Amma ɗakunanmu na gida iska tana shiga ta ƙasan ƙofa, ta taga, ta rufi. Gidajen nan kuwa a rufe suke ruf kamar firji. Gawayi yana fitar da guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai take fara sa wa, sai kasala, sai barci mai daɗi, daga nan ba a tashi.

Ni Haruna, da ban taɓa haɗa ido da Hajiya ba, sai ga ni na daka mata tsawa. Na ce, "Hajiya, fita waje! Yanzu!" Na wangale ƙofa, na ture damfa ta buɗe, na nufi taga. Ƙanƙara ta riƙe ta, na sa gindin tocila na fasa gilashin.

Ta ce, "Kai Haruna, ka haukace? Ɗanyen jiki ne da ita! Kashe min 'ya za ka yi da sanyi? Wa ya ba ka izinin shigowa kan mai jego?"

Na ga in na tsaya bayani za mu kai azahar. Na san abu ɗaya: in jikarta ta fita, dole ta biyo. Na sunkuya na sure ki, da hannuna baƙi ƙirin daga aikin da na baro. Jikinki ya saki kamar tsumma. Na yi waje da gudu, Hajiya ta biyo ni ba mayafi tana kiran sunana da duk abin da ya zo bakinta, ta kai tsakar gida ta zube a kan gwiwa tana amai. Na ƙwala wa maƙwabciyarsu kira ta buga wa motar asibiti, na miƙa mata ke, na koma ciki. Maryam ta buɗe ido amma ba ta iya tashi. Ban taɓa ta ba, katifar na kama ta gefe biyu na jawo da ita a kai har bakin ƙofa. Ina cikin haka sai na ji ƙara daga waje, siririya, mai kaifi. Iskar sanyi ce ta bugi fuskarki kika tsanyara kuka. Na zauna a kan matakala na yi hawaye, ban ji kunyar kowa ba.

Kwana biyu kuka yi a asibiti ku uku ana ba ku iska ta hanci. Likita ya ce wa Alhaji da an kai yamma, da wani labarin ake yi. A gidan wani ɗan'uwa aka yi suna, a ɗan ƙaramin falo a gefen Gate City Boulevard. Alhaji ya riƙe hannuna a gaban mutane yana godiya. Na ja shi gefe na ce, "Alhaji, kada ka gode min. Ranar da na ci tuwon nan tef yana aljihuna. Da na liƙa na yi muku bayani, da ba wanda ya kusanci murhun." Ya ce shi ma da hannunsa ya cire batir. Mako na zagayowa na je na gicciya jan tef a falonsa yana tsaye yana kallo, na share bututun, na sa masa hula. Tun daga ranar ba na cin abincin gidan da ke da murhu sai na duba shi, kuma jan tef ba ya barin aljihuna ko ranar Idi.

Hajiya kuwa ranar suna na gaishe ta sau biyu, ta kalli bango. Sai ana jibi za ta koma Kano ta aika a kira ni. Ba ta ce na gode ba, ba ta ce yi haƙuri ba, kun san manyanmu. Ta turo min ƙullin yaji ta ce, "Haruna, ashe kana da murya." Na ce, "Hajiya, a gafarce ni." Ta ce, "Maganar nan ta tsaya nan. Ba na so yarinyar ta taso ta ji abin da kakarta ta kusa yi mata." Na riƙe mata alkawari shekara ashirin da wani abu. Shi ya sa abin da kika sani kawai shi ne an kai ku asibiti lokacin ƙanƙara. Amma tunda ta aiko miki da shawul ɗin nan kina dab da haihuwa, ita ce ta buɗe maganar, ba ni ba.

Nan na tsaya. Bilkisu ta daina ninke kaya. Na zaro madubi da tocila na miƙa wa Nura, na ce, "Injiniyan bidiyo, kwashe itacen nan ka durƙusa. Me ka gani?"

Ya karkata madubi, ya ƙara karkatawa. Ya ce, "Duhu, Baba."

"Sama fa?"

"Babu."

"Kai hannu ta dama, akwai wani ƙarfe. Tura shi."

Ya tura, damfa ta buɗe da ƙara, sai ga kara da busasshen ganye da tsohuwar sheƙa sun zubo masa a ka. Ashe jiya duk ƙasan marfin ya yi ta gogewa, buroshinsa bai ko shiga bututun ba. Ya fito yana tari, gashinsa cike da ciyawa, ya ce, "Inna lillahi. Baba, da yau da yamma zan hura." Na ce, "Na sani, ashanar tana aljihuna." Na zaro jan tef na gicciya a bakin murhun, na ce sai Talata in na zo da tsani, kuma shi zai riƙe min sanduna ya ga minti goma da idonsa. Kafin nan ya sayo na'urar ƙara ya sa a kowane hawa, in ta yi ihu a fita waje, ba a cire batir.

Ban ga tashin Bilkisu ba, sai ganinta na yi ta dawo da shawul ɗin. Ta shimfiɗa shi a kan tebur, ta baje shi sosai, abin da ba ta yi ba duk wankin da ta yi masa. Ya tsufa, farin ya koma ruwan madara. A tsakiya ga tabon, ya kode amma yana nan: tafi da yatsu huɗu, babban yatsa can gefe.

Ta ce, "Baba, kawo hannunka."

Na ɗora. Ya zauna daidai.

Ta daɗe tana kallo, tana share ido da bakin mayafi. Sannan ta ninke shi a hankali, ta buɗe jakar asibitin da ke bakin ƙofa, ta ciro sabon bargon da ta saya, ta sa shawul ɗin a sama. Ta ce, "Da wannan za a naɗo jaririn." Ta juyo ta ce, "Baba, ka duba murhu, ka liƙa tef ɗinka. Yanzu ka wanke hannu ka ci abinci."

Na je na wanke da sabulu har sau biyu. Baƙin da ke cikin zanen tafina bai fita ba, na dawo na zauna na ci da shi haka.